Yadda ake ƙera motar feda ta yara irin ta da

Kafin motocin roba masu batir su cika kasuwa, akwai motar ƙarfe da yaro ke shiga ya tuƙa da ƙafafunsa. Cikin waɗanda suka yi suna akwai Austin J40, wadda aka riƙa ƙerawa a garin Bargoed na yankin Wales a Birtaniya har zuwa 1971. Ma'aikatan tsofaffin mahaƙan kwal ne da ƙura ta taɓa musu huhu, kayan aikin kuma ragowar ƙarfen kamfanin Austin. Tunda can ma da ragowa aka yi ta, mai walda a Gusau ko Ƙauran Namoda ba za ta gagare shi ba.

Fara da auna yaron. Zaunar da shi ya jingina da bango, ya miƙe ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ka auna daga bango zuwa tafin ƙafarsa. Wannan shi ne nisan kujera da feda. Ƙara ɗan sarari, yaro ba ya jiran kowa wajen girma.

Sai ka leƙa wurin 'yan gwangwan: bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu na inci 1 don firam, tayoyin keken yara 4 masu girma ɗaya, boris, da rodi mai santsi na milimita 16. Rodin gini mai zane ba ya zama daidai cikin boris, rabu da shi. Haɗa firam ɗin bai ɗaukar wa mai walda lokaci.

Gatarin baya shi ne aikin gaba ɗaya, nan za ka tsaya a kansa. Dubi keken ɗinki na ƙafa: tela yana taka feda sama da ƙasa, ɗan sandan ƙarfe yana juya wili. Haka motar nan take, ba sarƙa. Za a zafafa rodin a yi masa lanƙwasa biyu a tsakiya, kowace zurfin inci 2, ɗaya ta kalli gaba, ɗaya ta kalli baya. Idan suka kalli waje ɗaya, ƙafafun yaro tare za su riƙa tafiya, motar ta cije. Bayan lanƙwasa, ɗora gatarin kan boris ka juya da hannu. In bakinsa na rawa, a gyara tun yanzu.

Rataya feda biyu a gaban firam yadda za su riƙa lilo, ka haɗa kowace da lanƙwasarta da siririn ƙarfe, da noti mai ɗan sako-sako da giris.

Ga inda masu walda da yawa ke yin gardama: taya ɗaya kaɗai ake mannewa da gatari, ɗayar a bar ta tana juyawa da kanta. In mai walda ya ce maka biyun sun fi ƙarfi, ce masa, "Maigida, a kwana fa tayar waje ta fi ta ciki tafiya." Aka manne duka, yaro zai sha wuyar karya kwana.

Tayoyin gaba kowace da maɓallin juyawarta, sanda ɗaya ta haɗa su, sitiyari ya riƙa tura sandar hagu da dama. Sa ɗan tokare kada su wuce iyaka motar ta kife.

Jiki kuwa, falanki marar nauyi ko ƙarfe mai laushi, yadda ranka ke so. A naɗe bakin ƙarfen ciki, a goge duk tabon walda. Kujera dai ta katako ta fi, don ƙarfe a ranar watan Afrilu ba ya zaunuwa.

Maganar fenti ba ta wasa ba ce. Tsohon fenti kan ƙunshi dalma, mu kuwa a Zamfara mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Anka da Bukkuyum a 2010. Kankare tsohon fentin da jiƙaƙƙen sanfefa, nesa da yara, ka sayi wanda aka rubuta ba dalma a jikin gwangwaninsa.

Gwajin farko a tsakar gida za a yi, a kan daɓe. Ba ta da birki sai in ka sa mata na hannu, don haka kada ta je gangare ko bakin titi.