Yadda ake lallashin jariri mai haƙori idan ya hana ki barci da dare

Duk wadda ta yi goyo ta san irin daren nan. Da rana yaro na ta wasansa yana dalalar miyau, amma ana yin isha'i gari ya yi tsit sai kuka ya tashi, ki ba shi nono ya kama ya saki, ki kwantar da shi ya bankare, ki ɗauka ya dinga goga fuska a ƙirjinki yana jan kunne. Yarana uku kuma kowanne da irin nasa, ta tsakiyar ce ta fi shan wuya wallahi. Yawanci haƙori na fara tsagowa wajen wata 6, wasu tun wata 4 wasu sai sun kusa shekara, na ƙasa guda biyu na gaba su ke riga fitowa, kafin yaro ya cika shekara 3 sun kai 20. Turame na ciki da ke fitowa bayan shekara ɗaya su ne suka fi sa kukan dare a gidana.

Farko dai kar ki yanke cewa haƙori ne sai kin duba. Ki taɓa wuyansa da cikinsa, in kina da abin awon zafin jiki ki sa masa a hammata, ki duba famfas, ki duba ko zufa ce ta dame shi ko sauro ya shiga cikin net. Sannan ki wanke hannu da sabulu, ki kunna tocilan waya ki ɗan ja leɓensa ƙasa. In haƙori ne za ki ga dasashin ya kumbura ya yi ja, wani lokaci har kina hango farin abu a ƙarƙashi, kina taɓawa zai cafke yatsan da ƙarfi.

To wannan cafkar ita ce maganin farko. Ki tabbata farcenki a yanke yake, ki sa cikin yatsa ki danna wurin a hankali kina murzawa kamar minti biyu. Da farko zai iya ƙara tsanyara don wurin na ciwo, kar ki cire, ki ci gaba kina masa magana ƙasa-ƙasa, sai ki ji kukan yana sauka yana komawa gurnani yana tauna yatsan naki. Ni dai ban ga abin da ya kai wannan saurin aiki ba, kuma ko sisi ba ki kashe ba.

In yatsa bai isa ba sai a koma sanyi. Tun da yamma nake tanadin wannan don ƙarfe biyun dare ba lokacin neman kaya ba ne: ɗan tawul mai tsafta da ƙaramin cokali na ƙarfe, in sa su a kofi mai murfi da ruwan da aka tafasa ya huce. In akwai wuta su shiga firij, in NEPA sun ɗauke sai in jingina kofin a jikin randa, sanyin ya wadatar. Ki matse tawul ɗin sosai ki naɗa a yatsa ki ba shi ya tauna, ko ki ɗora bayan cokalin a kan kumburin. Robar taunawa ta yara ma haka, firij kawai banda firiza, abin da ya daskare kamar dutse ƙara masa ciwo zai yi. Kuma dan Allah kar a miƙa masa guntun karas ko kokwamba a cikin duhu, yana iya gutsira ya shaƙe shi kina gyangyaɗi.

Ki share masa miyau da ƙyalle mai laushi, dangwalawa ba gogewa ba, ki canza rigar in ta jiƙe, ki shafa ɗan man kaɗanya ko basilin a haɓa da wuya saboda ƙuraje.

Daga nan sai jikinki. Ki sake gwada nono yanzu da dasashin ya lafa, sau da yawa a nan yake kamawa ya yi barci. In ya cije ki kar ki fizge, ki zura ƙaramin yatsa ta gefen bakinsa ya saki. In ya ƙi, ki ɗauko zani ki goya shi ki dinga kaiwa da komowa a ɗaki ko tsakar gida kina ɗan bubbuga shi kina masa addu'a. Kar ki kunna fitila mai haske, kar ki ba shi waya ya kalli katun, zai wartsake ne gaba ɗaya ya ɗauka gari ya waye. In barci ya ɗauke shi ki jira ya yi nauyi sannan ki sauke, ki kwantar da shi a rigingine cikin gidan sauro. In kuma kin ji hannunki na rawa ranki ya fara ɓaci, ki tashi Abbansu ya karɓa, ɗansa ne, ko ki ajiye yaron a shimfiɗarsa ki sha ruwa ki dawo. Kar a jijjiga jariri da ƙarfi ko da wasa.

Maganar magani ita ce nake so a tsaya a ji. In duk an yi waɗannan yana ta kuka, farasitamol na yara ya isa, amma da awon nauyinsa ake bayarwa, ki tambaya ranar da kika kai shi awo ko rigakafi su rubuta miki a kati, ki auna da sirinji ba cokalin shayi ba, kuma kar ya wuce sau 4 a kwana ɗaya. Abin da ba na so shi ne haɗin nan da ake cewa maganin haƙori. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya, an samu guba a ciki da ke lalata ƙoda, hukumar kula da abinci da magunguna NAFDAC ta hana shi, kuma iyayen nan ba komai suke nema ba illa 'ya'yansu su samu barci. Banda asfirin, banda Piriton don ya yi barci, banda zuma kafin ya shekara. In an rataya masa wani abu a wuya ki cire kafin ya kwanta, zare na iya shaƙe shi. Ko Hajiya ce ta kawo garin da za a goga a dasashi, ki karɓa da hannu biyu ki ce an gode Hajiya, bari a nuna wa malaman asibiti tukunna.

Haƙori na iya ɗan ɗumama jiki amma ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, ba ya kawo gudawa. Lokaci ne kawai ya haɗu, yaro ya fara rarrafe yana kai komai baki, an fara ba shi kunu, kariyar da ya samo daga jikinki tana raguwa. Ta tsakiyar tawa tana wata 9 jikinta ya yi rau, kowa a gida yana cewa haƙori ne zai wuce, na zauna kwana biyu ina goga mata tawul, ranar na uku ta daina karɓar nono idanunta suka faɗa. Muna zuwa asibiti aka ɗiga jini, maleriya ce. Har yau in na tuna kwana biyun nan sai gabana ya faɗi.

Saboda haka in zafin jikinsa ya kai digiri 38 a abin awo, ko yana gudawa ko amai, ko ruwa na fita daga kunne, gari na wayewa ki kai shi a gwada, kina ci gaba da ba shi nono, in gudawa ce ki fara haɗa masa ruwan gishiri da sukari na ORS tun a daren. In kuma maɗigarsa ta faɗa, ko ya daɗe bai jiƙa famfas ba, ko numfashi na sama-sama, ko ya fara jijjiga, wannan ba a jiran asuba, ki goya shi a tashi mai mashin ko mai adaidaita a tafi.