Kimiyyar kwamfuta ko injiniyancin manhaja: yadda za ka zaɓa, da yadda za ka fara tun daga nan Damagaram

Ƴan bak na bana, musamman ku ƴan seri C da D da kullum bakinku "ni dai anformatik zan yi", ku tsaya mu yi maganar nan da kyau kafin ku cika takarda, don anformatik ɗin ba abu ɗaya ba ne. Akwai kimiyyar kwamfuta, wadda sau da yawa za ka tarar an haɗa ta da lissafi a sashe ɗaya, akwai kuma injiniyancin manhaja, shi ne za ka ga an rubuta génie logiciel a takardun makarantu. Duka biyun kod za ka rubuta, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ta bi, shi ya sa ake ɗauka duk ɗaya ne, amma abin da kowanne ya sa gaba daban yake.

A ce wani Alhaji mai sayar da shinkafa da mai da sukari a Kasuwar Dole ya gaji da littafin bashi, ya ce a yi masa manhaja a waya. Ɗan kimiyyar kwamfuta abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne ta yaya za a nemo sunan mutum ɗaya cikin sunaye masu yawa ba tare da an bi su ɗaya bayan ɗaya ba, kuma yana da amsa mai daɗi: in an jera sunayen bi da bi, ka buɗe tsakiya, ka yar da rabin da ba ya ciki, ka sake buɗe tsakiyar abin da ya rage, haka haka, ko sunaye miliyan ɗaya ne tsalle 20 ya isa ka same shi. Kuma ba faɗa kawai zai yi ba, zai kawo maka hujjar lissafi cewa haka abin yake ko yaushe. Irin wannan shi ne karatunsu, algoritim (wato matakan warware matsala bi da bi, kamar wannan na neman suna), tsarin jera bayanai, yadda kwamfuta ke aiki daga ciki, har da abin da kwamfuta ba za ta taɓa iya warwarewa ba komai ƙarfinta, wanda masanin lissafi ɗan Ingila Alan Turing ya nuna tun 1936 lokacin ko kwamfutar irin ta yanzu babu.

Shi kuwa injiniyan manhaja sai ya je ya zauna bisa benci a kantin nan ya ga yadda ake ciniki. Nan zai ga yaron kanti ya rubuta Mahamadu yau, gobe ɗan'uwansa ya rubuta Mamadu, jibi a sa Ɗan Tanut, alhali mutum ɗaya ne kuma bashinsa ya rabu gida uku. Zai ga an karɓi jika 20 ana cikin shigarwa rezo ya ɗauke, to kuɗin sun shiga ko ba su shiga ba, in yaron ya sake dannawa za a rage bashin sau biyu? In wayar ta faɗa ruwa fa, bashin shekara guda ya tafi ke nan? Alhaji kuma boko ba ya yi, ajami yake karantawa, hannunsa cike da mai, yana so ya danna abu biyu ya ga wanda yake bi. Sannan bayan wata shida zai kira ya ce ya buɗe reshe a Zango a ƙara masa, lokacin wataƙila kai ka tafi Yamai wani ne zai karɓi kod ɗinka, zai iya gane abin da ka rubuta? Wannan duka shi ne karatun injiniyanci: tattara buƙatun mai aiki, zana tsari, gwaji, aiki cikin ƙungiya, gyara da kula da manhaja shekara da shekaru.

Kuma kar ka ɗauka ƙaramin abu ne. Sunan fannin ma ya yaɗu ne daga wani taro da ƙungiyar tsaro ta NATO (OTAN) ta shirya a Garmisch ta ƙasar Jamus a 1968, saboda manyan ayyukan manhaja a lokacin suna ta wuce wa'adi, suna cin kuɗi fiye da lissafi, in an gama kuma cike da kurakurai. A ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse ko minti ɗaya ba ta yi da tashi ba, dalili kuwa an ɗauko kod na tsohuwar roka Ariane 4 an sa mata, wata lamba ta fi ƙarfin ɗan gurbin ajiya mai bit 16 da aka tanadar mata a cikin kwamfutar rokar, abin ya rikice. Masu aikin sun san lissafi sarai, wurin gwada tsohon kod da yanayin sabuwar roka ne aka yi sake.

To yaya za ka zaɓa? Kar sunan diplom ya ruɗe ka, ka nemi jerin darussan shekara uku na lisans ɗin ka karanta da idonka, ko a Jami'ar André Salifou ta nan gida ce, ko Abdou Moumouni a Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko makarantun kuɗi, ka je wurin rajista ka tambaya me suke da shi bana. In ka ga aljebra da analiz da lojik da nazarin algoritim sun cika takardar, kimiyya ce. In ka ga zanen tsari da UML (hanyar zana tsarin manhaja da zane-zane), rumbun bayanai, gwajin manhaja, tafiyar da aiki, proje na rukuni da istaj, injiniyanci ne. Ka kuma nemi ɗalibin da ke shekara ta uku ka sha shayi da shi, ka tambaye shi kwamfuta nawa ke aiki a ɗakin gwajinsu, kuma me ya taɓa ginawa da hannunsa, don akwai inda za a koya maka kod a allo da alli har ka fita.

Ni a ganina, in lissafi na yi maka daɗi har kana manta abinci a kan matsala ɗaya, kuma kana hangen basirar na'ura ko tsaron bayanai ko mastar da dokta, ka bi kimiyya. In kuwa abin da ke faranta maka shi ne ka ga mutum yana amfani da abin da ka yi, kana da haƙurin sauraron kiliyan yana canza magana sau biyar, ka bi injiniyanci. Wanda ya yi kimiyya ya fi saurin koyon injiniyanci a wurin aiki, wanda kuma ya gudu daga lissafi tun farko yakan sha wuya in ya so komawa, saboda haka ko injiniyancin ka ɗauka kar ka yi wasa da darasin algoritim, wallahi ranar da manhajarka ta fara nauyi shi zai cece ka.

Farawa kuma ba sai ka jira rantire ba. Ka ɗauki yaren rubuta kod ɗaya ka zauna a kansa, Python ya isa, kar ka yi ta tsalle yau Java gobe PHP don wani a fada ya ce shi ake yayi. In ba ka da kwamfuta tukuna, manhajojin Pydroid ko Termux a wayar Android za su ba ka damar gwada abubuwan farko, amma ka sa a ranka za ka nemi kwamfuta ko ta hannu ce, ka duba batir ɗinta da kyau kafin ka biya tunda ka san halin kuran a garin nan lokacin zafi. Ranar da ka samu rezo mai kyau ka sauke takardun bayanin Python gaba ɗaya, ana karanta su ba intanet. Shafin France-IOI na da atisayen algoritim kyauta da Faransanci, shafin OpenClassrooms na da darussa da yawa, darasin CS50 na Jami'ar Harvard shi ma kyauta ne amma da Ingilishi, kuma Ingilishin nan dole ne ka koye shi a hankali don saƙonnin kuskure da yawancin bayanai da shi suke zuwa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne Git, wata manhaja da injiniyan manhaja Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. Git ɗin ne ke ajiye tarihin duk canjin da ka yi wa kod, yana aiki a kwamfutarka ko ba rezo, in ka samu forfe sai ka tura GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod a kai. Ka koye shi tun watan farko, ka daina ajiye fayil da suna "na ƙarshe", "na ƙarshe na gaske". Sai ka samu abokai biyu, maza ko mata, ku ɗauki aiki na gaskiya ɗaya, littafin bashin nan ko lissafin adashe ko kuɗin makarantar Islamiyyar unguwarku, ku yi amfani da SQLite, ƙaramin rumbun bayanai da ke zama cikin na'urar kanta, don ya yi aiki ba intanet, kowa ya karanta kod ɗin ɗan'uwansa kafin a haɗa, ku rubuta gwaji ko guda goma ne: me zai faru in an shigar da sifili, in an bar suna fanko, in an biya fiye da bashin. Ku ba mai shi ya yi amfani da shi wata guda, ku riƙa komawa kuna rubuta duk ƙorafinsa kuna gyarawa.

Lokacin neman istaj, a banki ne ko kamfanin waya ko wata ƙungiya, ka tafi da wannan aikin a wayarka ka buɗe musu su gani, ka sa adireshin GitHub ɗinka a saman takardar neman, kuma ka shirya bayanin wane ɓangare ne kai ka rubuta da abin da ya lalace kuka gyara, don shi za su tambaye ka.