Saukowa Daga Jirgin Ruwa a Civitavecchia: Kurakuran Da Ke Cinye Kuɗin Matafiyi Kafin Ya Kai Roma

Takardun tallar jiragen ruwan yawon shaƙatawa suna rubuta Roma da manyan baƙaƙe, amma jirgin ba ya zuwa Roma. Inda yake tsayawa shi ne Civitavecchia, wani gari a bakin teku a ƙasar Italiya, kimanin kilomita 80 arewa maso yamma da birnin, kamar dai tsakanin Kaduna da Zariya. Tsohuwar tashar jiragen ruwa ce, Sarki Trajan na daular Rumawa ya gina ta a farkon ƙarni na 2, yau kuma tana cikin waɗanda suka fi cunkoso a Turai. A 2023 kaɗai fasinjojin irin waɗannan jirage sama da miliyan 3 suka bi ta cikinta.

Rashin sanin wannan nisa shi ne uwar sauran kurakurai. Mutum ya sauko da safe da akwatunansa, yana zaton zai tari tasi ya biya ɗan abin da ba a rasa ba, sai a faɗa masa kuɗin da ya haura Yuro 100. A lokacin ba shi da zaɓi: ga kaya, ga iyali, ga agogo yana tafiya. Sai ya biya. Alhali jirgin ƙasa na gama-gari daga garin zuwa tsakiyar Roma bai kai Yuro 5 ba. Abin da ke raba waɗannan farashi biyu shiri ne kawai, kuma shirin na daren jajibiri ne, ba na bakin ƙofar fita ba.

To daga daren za mu fara. Ma'aikatan jirgi kan raba wa fasinjoji takardun ɗaurawa a akwati masu launi daban-daban, kowane launi da lokacin fitarsa. Ka ajiye akwatinka a ƙofar ɗaki da dare, da safe ka tsince shi a zauren kaya. Da yawa suna karɓar launin da aka ba su ba tare da sun ce uffan ba, sai gari ya waye su tarar an sa su a rukunin ƙarshe, ga shi sun riga sun tsara tafiya da wuri. Ka je teburin karɓar baƙi tun da sauran lokaci ka nemi a canza maka. In kuma kayanka ba su da nauyi, ka ce za ka sauko da su da kanka, masu yin haka su ake fara bari su fita. A wannan teburin kuma ka tambayi inda motocin tasha suke sauke mutane a wannan makon, domin tsarin cikin tasha yakan canza. Matambayi ba ya ɓata. Sai wani abu da ake yawan mantawa: fasfo, magani, caja da kayan da za ka sa da safe kada su shiga akwatin da za a ɗauke da dare.

Da ka taka ƙasa, kuskure na gaba yana jiranka. Tashar tana da faɗi ƙwarai, manyan jiragen kuma sukan tsaya can nesa a kan doguwar katangar da ta shiga cikin teku. Akwai bas-bas na tasha da ke kwasar fasinja kyauta daga gindin jirgi zuwa wani fili da ake kira Largo della Pace, a bakin gari. Kyauta ne, ba tikiti ba komai. Wanda bai sani ba yakan faɗa hannun mutum na farko da ya tare shi da fara'a yana cewa Roma, Roma. Ka wuce shi cikin mutunci ka bi layin bas.

Daga Largo della Pace zuwa tashar jirgin ƙasa akwai wajen kilomita ɗaya da rabi. Bas na gari yana kaiwa a kan wajen Yuro 2, akwai kuma wanda ke ɗauka kai tsaye daga gindin jirgi zuwa tashar jirgin ƙasa, ya ɗan fi tsada amma ya rage maka sauke kaya da sake lodi. Ana iya takawa a ƙasa, minti 20 ko ɗan fiye, ta gefen tsohuwar ganuwar nan ta Forte Michelangelo sannan a bi titin bakin teku. Hanya ce mai daɗi ga mai jakar goyo ɗaya. Ga mai jan manyan akwatuna biyu a zafin watan Yuli kuwa, wahala ce tsagwaronta, ban ga dalilin da zai sa mutum ya galabaitar da kansa ko tsohuwarsa saboda Yuro 2 ba. Ka tanadi tsabar kuɗi da ƙananan takardun Yuro. Katin banki na naira ba ko'ina yake aiki ba, kuma mai sayar da tikitin Yuro 2 ba zai ji daɗin ganin takardar 100 ba.

A tashar jirgin ƙasa ne aka fi tafka asara, don haka bari in ɗan tsaya a nan.

Jiragen da ke bi ta Civitavecchia zuwa Roma iri-iri ne. Akwai na gama-gari, wanda a allo za ka ga an rubuta Regionale, layin FL5. Shi ne mai araha, yana tsayawa a garuruwan hanya, yana ɗaukar sa'a ɗaya da 'yan mintuna zuwa babbar tashar Termini, kuma ba a keɓe wa kowa kujera. Akwai kuma masu sauri irin su Intercity, da suke isa cikin ƙasa da sa'a ɗaya, kuɗinsu ya fi yawa, kowane fasinja da lambar kujerarsa. Tikitin wannan ba ya shiga wancan. Mutum ya sayi mai araha, ya ga jirgi ya tsaya an rubuta Roma, ya afka ciki da sauri, sai mai duba tikiti ya iso ya ce a biya cikon kuɗi da tara. Ka dubi lambar jirgi da nau'insa a allo, ba sunan gari kaɗai ba.

Sai babbar matsalar, buga tikiti. Idan tikitin gama-gari na takarda ka saya, a wurin mai sayarwa ko a na'ura, bai zama halal ɗinka na shiga jirgi ba sai ka zura shi a cikin wata 'yar na'ura mai launin kore da fari da ke jikin bango, a hanyar zuwa inda jiragen suke tsayawa. Za ka ji ƙarar bugu, ka zaro ka ga kwanan wata da lokaci a gefe. Ba mai tsayawa a ƙofa ya tuna maka, ba shinge. Za ka shiga lafiya lau, ka zauna, can a tsakiyar hanya mai duba tikiti ya zo. Tikitin da ba a buga ba a wurinsa tamkar babu ne, tarar kuma ta ninka kuɗin tikitin sau da yawa. Cewa kai baƙo ne ba ta cika ceton mutum ba, don kullum yana jin wannan uzurin. Wannan abu yana ba ni takaici, saboda mutanen da ya fi kamawa masu gaskiya ne, sun biya kuɗinsu cif, daƙiƙa biyar ce kawai ta kuɓuce musu. Wanda ya saya ta manhajar Trenitalia, kamfanin jiragen ƙasa na Italiya, a waya ba ruwansa da wannan na'ura, tikitinsa yana ɗaure ne da jirgin da ya zaɓa. Sayen ta waya yana kuma raba ka da layi, domin safiyar da jirage uku ko huɗu suka sauke mutane lokaci guda, layin tikiti yakan kai har waje.

In kana da niyyar zagaya Roma a ranar, ka tambayi tikitin yini da ake kira BIRG mai shiyya biyar. Ya daɗe a Yuro 12, kuma ya haɗa jirgin gama-gari zuwa da dawowa, da bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa na cikin birni har tsakar dare. Shi ma ana buga shi, kuma ba ya aiki a jirage masu sauri ko a jirgin Leonardo Express na filin jirgin sama.

Wani kuskuren shi ne zaton dole sai an kai Termini. Jirgin gama-gari yana tsayawa a tashoshi da dama a cikin Roma kafin ya isa can. Roma San Pietro tana da tafiyar wajen minti 10 a ƙasa zuwa dandalin fadar Paparoma. Roma Ostiense tana haɗe da tashar Piramide ta layin B na ƙarƙashin ƙasa, tasha biyu kacal zuwa Colosseo, tsohon filin wasan Rumawa. Wanda masaukinsa yake ɗaya daga cikin waɗannan unguwanni ya zauna har Termini, ya ɓata lokaci ya kuma ƙara wa kansa kuɗin komowa. Ga shi jiragen Civitavecchia sukan tsaya ne a layuka na 25 zuwa 29, can ƙarshen tashar, sai ka yi tafiyar kusan minti 10 da kaya kafin ka fito babban zaure. Ka buɗe taswira tun kana jirgin ruwa ka ga wace tasha ta fi kusa da inda za ka kwana.

Masu wucewa filin jirgin sama kai tsaye su ma wannan ya shafe su. Filaye biyu ne a Roma, Fiumicino da Ciampino, kuma ba a gefe ɗaya suke ba. Mai komawa gida ta Alƙahira, Istanbul ko Addis Ababa daga Fiumicino zai tashi. Ciampino na jirage masu araha ne da ke zirga-zirga galibi a cikin Turai. Zuwa Fiumicino ba sai ka shiga Termini ka biya Yuro 14 na Leonardo Express ba. Ka sauka a Roma Trastevere ko Ostiense, ka canza zuwa layin FL1 da ke shiga har cikin filin jirgin, jimillar kuɗin tsakanin Yuro 11 da 13. Tafiyar duka, daga gindin jirgin ruwa zuwa wurin awon kaya, ka ware mata sa'a uku. Shi ya sa sayen tikitin jirgin sama na ƙarfe 10 na safe a ranar sauka ganganci ne, ko da ya fi araha. Jirgin ruwa yakan makara saboda iska, tantance fasinja yakan ja lokaci, jirgin ƙasa yakan yi jinkiri. Ka nemi na bayan azahar. In ma tashinka na dare ne, akwai wurin ajiyar kaya na biya a Termini, ka aje akwatuna ka ga gari da hannu sake.

Duk da wannan yabon jirgin ƙasa da nake yi, ba kowa ya dace da shi ba, kuma nacewa a kansa ko ta halin ƙaƙa shi ma kuskure ne. Araha ba ta ado. Jirgin gama-gari na ma'aikata ne da 'yan makaranta, ba a yi shi don manyan akwatuna ba. Da safe yakan cika maƙil, ka tsaya a tsaye da akwati tsakanin ƙafafu, ga hawa da sauka a hanyar ƙarƙashin tasha. A ce ku shida ne, da Hajiya mai ciwon gwiwa da yara biyu da akwati takwas, kuna son zuwa Fiumicino. Ku haɗa kuɗin bas da na jirgi biyu na kowa da kowa, za ku ga ya tasam ma Yuro 80 ko 90. Ƙaramar bas ta haya da aka yi cinikinta tun kafin tafiya za ta fi haka, amma ratar ba ta kai yadda ake zato ba, kuma daga ƙofa zuwa ƙofa ce. Akwai kuma motocin haɗaka da ake biya kowane kai, waɗanda sukan fi motar da kamfanin jirgin ruwa ke sayarwa sauƙi. Lissafin da ya dace shi ne na kuɗi da yawan mutane da nauyin kaya da ƙarfin jiki, duka a faifai ɗaya. Mutum ɗaya ko biyu masu ƙaramin kaya, jirgin ƙasa ba shi da na biyu. Idan kuwa tasi ta zama dole, ka shiga fara mai alama a rufi da lambar lasisi a jiki, ku daidaita a kan kuɗi ko mita kafin a ɗora akwati. Kada ka dogara da Uber don neman sauƙi, a Italiya motocin alfarma ya fi kawowa.

Yajin aiki kuma abu ne da aka saba da shi a sufurin Italiya, ana sanar da shi kwanaki kafin ranar. Kalmar da za ka nema a allo ko a shafin Trenitalia ita ce sciopero. A ranakun aiki akwai lokutan da aka lamunce jiragen gama-gari za su yi tafiya ko ana yaji: ƙarfe 6 zuwa 9 na safe, da 6 na yamma zuwa 9 na dare. Wanda ya duba kwana biyu kafin sauka zai iya neman fita da wuri ko ya kama mota tun farashi bai tashi ba.

A Termini da cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ka kula da aljihu. Masu yankan aljihu sun san mai fitowa daga jirgin ruwa, takardar launi tana nan tana reto a hannun akwatinsa. Ka cire ta tun a zauren kaya. Fasfo da kuɗi su zauna a aljihun ciki, jaka ta dawo gaba, wanda kuma ya matso yana son taya ka latsa na'urar tikiti ka gode masa ka ce a'a.

Akwai kuma waɗanda ba saukar ƙarshe suke yi ba, jirginsu ya tsaya ne na yini ɗaya zai wuce da yamma. Su ne tikitin BIRG ya fi yi wa rana, su ne kuma haɗarinsu ya fi girma. Jirgi yana jiran waɗanda suka fita a motar kamfani in sun makara, amma ba ya jiran wanda ya fita da kansa. Lokacin da za ka riƙe ba na tashin jirgi ba ne, na rufe ƙofa ne, wanda yakan riga shi da rabin sa'a, ana kuma rubuta shi a allo a bakin matakala. Ka ɗauki hotonsa da waya, tare da lambar wakilin jirgin a tasha da ke cikin takardar shirin yini. Daga wannan lokacin ka yi lissafi baya: bas na tasha, bas na gari, sa'a ɗaya da 'yan mintuna a jirgin ƙasa, tafiyar zuwa layi na 25 in daga Termini za ka hau. Jirgin da lissafi ya nuna shi ne na ƙarshe da zai kai ka, ka bar shi a matsayin na ko-ta-kwana, ka hau wanda ya riga shi da biyu.