Idan babba ya fara sambatu bayan zazzaɓi

A kakar bara muna tsaka da yankan gero a ƙauyenmu da ke gefen Ringim, Yaya ya kwanta da zazzaɓi da mura. Ranar kwana na huɗu da asuba ya tashi yana kiran matarsa da sunan marigayiya Innarmu, yana cewa a ɗaura masa sirdi, alhali gidanmu ko jaki babu. Kafin hantsi tsakar gida ta cika, kowa na cewa iska ce.

Idan haka ta sami wani naka, kada ka bari ya kwana a gida. Addu'a a yi ta a cikin mota. Sanƙarau, maleriyar da ta hau ƙwaƙwalwa da faɗuwar sukari duka suna iya farawa da irin wannan ruɗewar, kuma ba sa jiran gari ya waye. In ya kama jijjiga, a kwantar da shi ta gefe ɗaya. Kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, sai ya shaƙe.

Ka tattara duk abin da ya sha a leda, na kemis da na gargajiya. Wanda ya yi jinyarsa tun farko shi ya kamata ya shiga wurin likita, ba wanda ya fi kowa girma ba. Mu matar Yaya ce ta iya faɗin ranar da abin ya fara. Za a tambaya ko yana shan maganin farfaɗiya ya daina kwatsam, domin hakan ma yana jawo irin wannan ruɗewar. Za a gwada maleriya, sukari da gishirin jini. In aka ce za a ɗebi ruwan baya, ka yarda. Mutanenmu na tsoronsa, amma da shi ake tabbatar da sanƙarau.

Daga asibitin kusa aka tura mu Kano, aka yi masa hoton ƙwaƙwalwa da ake kira MRI. Sai ga wani ɗigo a tsakiyar ƙwaƙwalwa, a ƙarshen gadar da ke haɗa ɓangaren dama da na hagu. Ni dai gwiwata ta yi sanyi, na ɗauka ciwon daji ne. Likitan ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka." Ya yi mana bayani cewa kumburi ne na ɗan lokaci da likitocin Japan suka siffanta a 2004, ana kiransa MERS, ba kuma ciwon numfashin nan na raƙuma da ya ɓulla a Saudiyya a 2012 ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. An fi ganinsa a yara, amma yana kama manya bayan mura mai tsanani ko wasu cututtuka, ko idan gishirin jini ya yi ƙasa. Abin da ya tayar da shi ake yi wa magani, kuma yawanci cikin wata guda mutum ya dawo daidai. Wani nau'in hoton da ake kira CT sau da yawa ba ya nuna shi.

Sai dai ka koma a sake hoton idan likita ya nema, don ɓacewar ɗigon ce ke tabbatar da abin. Buhun riɗi muka sayar muka koma bayan mako shida, babu ko alamarsa. Yaya har yau musu yake yi cewa bai taɓa neman sirdi ba.