Ga masu niyyar gudun Landan don makafin tsofaffin sojoji

'Yan uwa na Ingila, duk mai son shiga gudun fanfalaki na Landan don tara wa ƙungiyar agaji ta Blind Veterans UK kuɗi da sunan mahaifi ko mahaifiya da suka rasu, don Allah kar ka bari sai saura wata ɗaya ka fara tirenin, kilomita 42 ne fa, kuma a Afrilu ake yi, wato cikin hunturu za ka sha faman tirenin. Fara tun saura wata huɗu, kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Ranar gudun ka sa takalmin da ƙafarka ta saba da shi, sabo sale dunduniya yake, ka shafa basilin a cinya. A shafinka na tara gudummawa na JustGiving kuma ka tuna wa masu biyan haraji su danna Gift Aid, wato tsarin da gwamnati ke ƙara wa gudummawa kuɗi daga harajin da suka biya, fam 10 sai ya koma 12.50.