Yadda za ka yi musun addini da mutanen garinku ba tare da an daina gaisawa ba

Duk wanda ya tashi a ƙauye, ko ƙasar Gaya ce ko Ringim ko can wajen Kafin Hausa, ya san majalisar bayan isha'i ba ta rasa musu, in ba siyasa ba to addini, kuma na addinin ne yake raba mutane har ka ga wa da ƙani uwa ɗaya uba ɗaya kowa da masallacinsa, ko suna wani baya zuwa na wani. Ni ban ce kowa ya ajiye ra'ayinsa ba, a'a, riƙe abinka ka faɗe shi ma, amma akwai yadda ake yi.

Kafin ka buɗe baki tsaya ka gane wane irin musu ne a gabanka. Akwai wanda malamai suka yi saɓani a kai tun kafin a haifi kakan kakanka, irin su ƙabalu da sadalu, wato kama hannu ko sakinsa a tsayuwar sallah, ko alƙunutun asuba. Akwai wanda al'ada ce kawai ake kare ta da sunan addini, kamar yawan akwatin lefe da kayan gara. Sai kuma wanda in ka tona ba addini bane ko kaɗan, rigimar limanci ce ko iyakar gona ko tsohuwar gabar neman aure. Wannan kar ma ka wahalar da kanka da aya da hadisi, bazai ji ba, maganar mai unguwa ce ko dagaci.

Na farkon nan shi yafi cin mutane. Mu nan da Malikiyya muka tashi, a zaure Ahalari ake fara biya maka sai Ishmawi har a kai Risala, sadalu kuma sananne ne a mazhabar, amma kuma hadisin ɗora hannun dama a kan hagu yana nan cikin Muwaɗɗar Imamu Malik ɗin da kansa, kaga kowa yana da madafa. Abin da samarin yanzu da yawa basu sani ba, tun kafin a kafa Izala a Jos a 1978, almajiran Shehu Ibrahim Inyass ne aka sani da ƙabalu a Kano, an sha rigima sosai tsakaninsu da masu sadalu. Yau kuma sai ka ji yaro yana kallon hannun mutum a sahu wai yana so ya gano ɗan wace ƙungiya ne, abin dariya wallahi. In musu ya zo nan ka tuna musu labarin Banu Ƙuraiza, wata ƙabila a gefen Madina, lokacin da Annabi (SAW) ya ce wa sahabbai kar wanda ya yi la'asar sai a can, lokaci ya riske su a hanya, wasu suka tsaya suka yi sallah suka ce ai sauri yake nufi, wasu suka ce mu dai sai mun isa, da aka faɗa masa bai tsawata wa ko ɗaya ba. Ka ba da labarin ka yi shiru, kar ka ɗora masa sharhi.

Sai yadda zaka yi maganar. Fara da tambaya, ka ce a ina ka ji wannan, wane malami ne ya faɗa, amma a hankali ba kamar ɗan sanda ba. Idan ya gama sai ka maimaita masa abin da ya ce da bakinka har ya ce yauwa haka nake nufi, sannan ka kawo naka. Rabin musun majalisa kowa yana jayayya ne da abin da ɗayan bai faɗa ba. In an tambaye ka abin da baka karanta ba ka ce ban sani ba, Imamu Malik da girmansa ya shahara da faɗin haka, balle kai da iliminka duk na guntun bidiyon WhatsApp ne. Shi ma bidiyon nan kar ka kunna shi a majalisa don ka kunyata wani, an yanko shi ne daga karatu mai tsawo, kuma da zarar an ji muryar malamin ɓangare to an daina sauraron hujja an koma kare malami.

Sunaye kuwa ka kiyaye su. Ɗan bidi'a, bawahabiye, ɗan boko aƙida, duk wanda ka jefa wa ɗaya daga ciki ka rufe kunnensa kenan, kuma Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana jifan juna da miyagun laƙabi. Kafirtawa ita ce ƙarshe, hadisi ya ce wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri to kalmar sai ta koma kan ɗayansu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya yi rubutu yana sukar ɗaliban da suke kafirta talakawa don basu iya kawo hujjojin tauhidi irin na littafi ba. Dattawan da suka ga rikicin Maitatsine a 'Yan Awaki a Disambar 1980 zasu faɗa maka inda irin wannan harshen yake kaiwa.

Da babba kuma tsarin daban ne. Baffanka ko surukinka ba a yi masa gyara a gaban mutane ko da kai ne da gaskiya, bari sai an watse ka same shi a zaure ka durƙusa ku gaisa, ka ce Baffa na ji wani malami ya ce kaza, ko yaya abin yake ne? Liman kuma, Allah gafarta Malam akwai abin da ya shige min duhu. Masu dawowa hutu daga Jami'ar Bayero ko ta Dutse ku ne nake nufi musamman, wanda ya sayar da akuya ya biya maka kuɗin makaranta bai aike ka ka dawo kana yi masa bita a bainar jama'a ba.

Akwai kuma musun da ba na ƙungiya ba, na tunani ne, ni shi nafi jin daɗi. Misali ƙaddara. Da ambaliyar 2022 ta cinye gonaki a Jigawa, wani ya ce ƙaddara ce sai haƙuri, wani ya ce sakaci ne, ciyawar kachalla ta toshe kogin Haɗeja ba a yashe ba, mutane kuma sun yi gini a hanyar ruwa. Kar ka bari a mayar da shi wai ɗaya mai imani ɗaya marar imani, dukkansu sun yarda da ƙaddara, bambancinsu me ya rage a hannun mutum. Sayyidina Umar da ya ji annoba a Sham ya juya da mutanensa, aka ce gudun ƙaddara kake, ya ce eh daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Haka maganar mai sayen gero da kaka ya ajiye sai damina ta yi nisa rumbuna sun ƙare ya fito da shi, wani ya ce kasuwa ce wani ya ce rashin tausayi ne. A nan ka sauko da maganar ƙasa, buhu nawa ne, garin akwai yunwa ko babu, maƙocinsa ya zo nema ya hana ko bai hana ba, sai kaga mutanen da suke ta hayaniya ashe a wuri ɗaya kawai suka rabu.

In kuna zaune da Maguzawa ko kiristoci, irin wasu garuruwan ƙasar Sumaila da Tudun Wada, kar ka zagi abin bautarsu, Suratul An'am aya ta 108 ta hana. In ya tambaye ka amsa, in bai tambaya ba ku yi cinikinku lafiya.

Wanda nafi jin tsoro shi ne yaron da ya zo maka da tambaya mai nauyi, irin me yasa Allah ya bar wani cikin wahala wani cikin daɗi. Dan Allah kar ka yi masa ihu kuma kar ka kai maganarsa majalisa ko ka ɗora a waya, a ƙasar nan magana irin wannan in ta fita ba ta da linzami, ana iya yi masa illa. Ya yarda da kai ne shi yasa ya tambaya. Kai shi wajen malami mai haƙuri su zauna su biyu.

Toh yaushe ake tsayawa? Da ka ji murya ta fara tashi, ko wani ya fara rantsuwa, ko yara sun fara taruwa kallo, sai ka ce Allah ya sa mu dace, ka tambayi nawa taki yake yanzu. Ba dole sai an samu wanda ya ci ba. In kuma har an ɓata, musulunci bai yarda a ƙaurace wa juna fiye da kwana uku ba, don haka da safe ka bi ta ƙofar gidansa ka yi sallama ka tambayi iyali da gona, kar ka taɓo maganar jiya ko da wasa. In ya ƙi amsawa ka nemi dattijon da ku biyun kuke jin nauyinsa, wanda ba ɗan masallacinka ba ne kuma ba na nasa ba, shi zai kira ku.