Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Zaɓen Wuƙar Shiga Daji

Yawancin masu shirin hawan dutse ko kwanan daji, idonsu kan fara sauka ne a kan ƙatuwar wuƙa mai ƙyalli. A shago tana da ban sha'awa. Sai an je yanka igiya, ko feraye tsinke, ko gyaran kifi, sannan mutum ya gane nauyi kawai ya ɗauko wa kansa. Wuƙar da tsawon ƙarfenta, ban da ƙota, ya kai wajen santimita 9 zuwa 12 ta ishi kusan duk wannan aiki. Wuƙar Mora ta ƙasar Suwidin da aka fi sani ba ta wuce santimita 10 da 'yan kai ba, Opinel mai lamba 8 ta Faransa kuwa 8.5 ce, kuma da su mutane da yawa ke yawon daji.

Kuskure na biyu shi ne a sa wuƙa aikin da ba nata ba. Sara da share hanya aikin adda ne. Itace mai kauri kuwa ƙaramin zarto mai naɗewa ya fi gatari sauƙin ɗauka, ya fi shi ƙarancin haɗari, musamman idan gajiya ta kama ka da yamma. Wanda ya kafa wuƙar naɗewa a kan itace yana bugunta don ya faskara, mahaɗarta zai karya, wataƙila ma ta rufe masa a yatsu. In dole sai ka faskara da wuƙa, nemi wadda ƙarfenta ya ratsa ƙotar har ƙarshe. Mai naɗewa kuma a tabbata tana da makullin da ke hana ta rufewa. Ka riƙe ta a hannu kafin ka biya, domin ƙotar da ke santsi a shago, in gumi ko ruwan sama ya taɓa ta, sai abin da Allah ya yi.

Ni dai ban ga dalilin raina addar maƙera ba. Wadda aka ƙera da tsohon sifirin ɗin mota tana cin kaifi sosai, tana kuma saurin wasuwa. Aibinta tsatsa. A goge ta ta bushe, a shafa mata ɗan mai, shi ke nan. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi dacewa da damina da mai kasalar kula da kaya.

Sai masu tsoron kaifi. Dakusasshiyar wuƙa ta fi yanka mai ita, saboda sai ka danna da ƙarfi, ta zame. Ɗan dutsen wasawa ba ya cin wuri a jaka, adda kuma magagari ya ishe ta.

Kada a manta da kube mai riƙe wuƙa gam. Idan tafiyar ta jirgin sama ce, a sa ta a babban akwatin da ake aunawa, don in aka gan ta a jakar hannu ƙwacewa za a yi.